Jawabin da aka gabatar a madadin shugabannin ƙungiya ranar bikin zagayowar shekara

  

Rahoton kuɗi ma'aji za ta karanta shi. Mu magana guda munka zo da ita, kuma ta shafi asusun rancenmu.

Duk wata, Babban Bankin Najeriya yana fitar da wani ma'auni da ake kira PMI. Bankin Stanbic IBTC shi ma yana da nashi. Ba wani tsafi ba ne. Ana bin manajojin da ke yi wa kamfanoni sayayyar kayan aiki a tambaye su: odar da kunka samu wanga wata ta fi ta watan jiya, ko ta ragu, ko tana nan yadda take? Kayan da kunka sarrafa fa? Kun ɗauki ma'aikata ko kun rage? Masu kawo muku kaya suna zuwa kan lokaci? Me ya rage a sito? Sai a haɗa amsoshin a fitar da lamba guda. In ta haura 50, harka na buɗewa. In ta yi ƙasa da 50, ana tsukewa.

Kun tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da mace za ta yini a kasuwar Jega da buhun shinkafa ba mai takardar naira a hannu? A watannin Fabrairu da Maris na shekarar, ma'aunin Stanbic ya faɗo ƙasa da 50. Abin da munka ji a jikinmu, shi lambar ta nuna.

Amfaninta gare mu shi ne tana riga farashi magana. Babbar masana'antar shinkafa, irin Labana ta Birnin Kebbi ko WACOT ta Argungu, in odarta ta ragu, sayen shansherarta zai ragu, dillalai su ja baya, bayan makonni farashi ya karye a hannun wadda ta ci rance ta tara. Mun gani a cikinmu. Akwai shekarar da munka ba da rance da yawa don sayen shanshera, muna kallon tsadar bara, alhali masu saye sun fara janyewa. Wasu 'yan uwa har yau suna biya. Laifin namu ne, mu shugabanni, ba nasu ba.

Sai dai kar a ɗauki lambar nan kamar wahayi. Alkibla take nunawa, ba zurfin rami ba: 51 bayan watannin wahala ba ta ce an warke. Kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya tambayi mai tuyar ƙuliƙuli a Maiyama, ko mai ajiyar albasa a Aliero da take kirga wadda ta ruɓe kafin motar Kudu ta zo.

Don haka munka yanke shawara mu riƙa tambayar kanmu. Daga taron wata mai zuwa, kowace mamba, mai turara shinkafa, mai man gyaɗa, mai sabulu, mai albasa, za ta amsa tambaya uku: ciniki, kuɗin kayan aiki, da kayan da sunka kwana ba a sayar ba. Ya ƙaru, ya ragu, ko yana nan. Ba mu tambayar ribar kowa, Hajiya, kwantar da hankalinki. Wadda ba ta rubutu ta faɗa wa shugabar unguwarta da baki.

In wata biyu a jere masu cewa ciniki ya ragu sunka fi yawa a wata sana'a, za mu dakatar da babban rance na tara kaya a wannan sana'ar, sai ƙaramin na juyawa. Mun san wasu ba za su ji daɗi ba, musamman da kaka. Mai ƙorafi ta kawo shi yau, kafin a sa hannu.

Sakatariya tana bakin ƙofa da takardun. A karɓa kafin a zauna cin abinci.