Daga Turmi Zuwa Inji: Harshen Hausa da Ƙirar Injin Niƙa Kayan Yaji



Mai yiwuwa wani ya yi mamakin abin da ya kai malamin Hausa cikin zancen inji. Amsa ita ce, duk abin da al'umma ta daɗe tana yi da hannunta, to ta ajiye iliminsa a cikin harshenta, kuma maƙerin da bai saurari wannan harshe ba zai ƙera abin da ba a bukata.

Bari mu fara da ƙasar da muke magana a kanta. A shekarar 1965 Michael Mortimore da J. Wilson suka wallafa bincike kan karkarar da ta kewaye birnin Kano, inda jama'a suka yi cunkoso har ana samun fiye da mutum 140 a kowace murabba'in kilomita. Daga arewa ta haɗa da ƙasashen Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa. A nan gonaki ƙanana ne, ana noma su kowace shekara da taimakon taki, ba a barinsu su huta. Saboda haka noma kaɗai ba ya riƙe gida, sai an haɗa da sana'a. Sana'ar mata kuwa yawanci a cikin gida take: fura da ƙosai da ƙuli-ƙuli da daddawa da yaji, yara na kaiwa talla. Wannan shi ne abin da Polly Hill ta kira ɓoyayyen ciniki a 1969. Ke nan zancen niƙan yaji zancen jarin mace ne.

To, me harshe ya ce? Bahaushe yana da surfe, watau cire dusa. Yana da ɓarza, inda ake fasa ƙwaya ta zama tsaki. Yana da dandaƙa, da daka, da niƙa, da markaɗe idan abin jiƙaƙƙe ne, sa'an nan tankaɗe, wanda ke raba gari da tsaki. Waɗannan kalmomi matakai ne na laushi, kuma kowane abinci da nasa. Cittar da za a jefa a shayi dandaƙawa ake yi. Wadda za a sa a fura ko kunu sai ta yi laushi ƙwarai, don kada zarenta ya tsaya a maƙogwaro. Yajin tsire, da yake da ƙuli-ƙuli a ciki, ana son ya kama jikin nama ba tare da ya dunƙule ba. Mace mai turmi tana sarrafa duk wannan da nauyin taɓarya da rariya.

Injunan da ke ƙauyukanmu iri biyu ne. Na farko yana da faifai biyu na ƙarfe masu tsaga, ɗaya a kafe, ɗaya yana juyawa, akwai kuma noti da ake ɗaurewa ko a sassauta don rage ko ƙara tazarar da ke tsakaninsu. Na biyu yana da 'yan gudumomi masu juyawa da sauri, suna bugun ƙwaya har ta fita ta rariyar ƙarfe, girman hudar rariyar shi ke yanke laushin gari. Dukansu an yi su ne domin hatsi, shi ya sa suke cutar mai yaji ta fuska huɗu.

Na ɗaya, notin ba shi da alama, laushi ya dogara ga hannun mai inji da ganin damarsa. Na biyu, idan aka matse faifai sai gari ya yi zafi, ƙamshin kanumfari da citta da masoro kuwa yana cikin wani mai ne da zafi ke korarwa. Na uku, faifan suna cin juna, ɓurɓushin ƙarfe ya shiga abinci. Na huɗu, cikin injin yana riƙe saura. Mai buhun gero ba za ta damu ba, amma mai gwangwani biyu na citta ta yi asara, wadda ta biyo ta da gero kuma ta kwashi zafin barkono. Tun da cuta ta lalata gonakin citta a Kudancin Kaduna a 2023 farashinta ya hau, a shekarar ce kuma aka cire tallafin man fetur, kuɗin niƙa ya tashi. Asarar ta zama biyu.

Ga shawarwarina ga maƙera da injiniyoyi. A yi ƙaramin inji na yaji kaɗai, mai ɗaukar daga gwangwani zuwa mudu. A sa wa notinsa matakai masu tsayawa cak, a rubuta ɓarza da tsaki da gari da laushi a jikinsu, da boko da ajami, tare da zane domin wadda ba ta karatu. A rage gudunsa, a niƙa sau biyu maimakon matsewa sau ɗaya. A yi sassan da ke taɓa abinci da ƙarfen da ba ya tsatsa, a sa maganaɗisu a bakin fita, a rufe bakin don ƙurar barkono. Ya buɗu da hannu don sharewa, ya iya aiki da hannu ko da hasken rana, mai walda na Bichi ko Ɗambatta kuma ya iya gyara shi.

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da sassan injiniya na Jami'ar Bayero suna da masana wannan aiki. Ku ma'aikata, naku shi ne ku haɗa su da ƙungiyoyin mata, a gwada injin a tsakar gida kafin a saye shi da kuɗin jama'a, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku ɗaliban Hausa kuwa, ku shiga ƙauyuka ku tattara kalmomin daka daga bakin tsofaffi, ku auna garin da kowace kalma take nufi. Wannan ma'auni shi injiniya ke jira daga gare ku.