Jawabi Ga Iyaye A Kan Karatun Likita

 

Jama'a, mu 'yan kasuwa ne, ba ma biyan kuɗin goro sai mun kwance huhu mun duba. To, karatun 'ya'yanmu ya fi cancantar wannan dubawa. Mun daɗe a Ibadan, asibitin koyarwa na UCH yana kusa da mu tun 1957, amma matanmu nawa suka taɓa samun likita mace mai jin Hausa a can?

Na farko, yaro ya shiga ajin kimiyya tun daga SS1. Ana bukatar kiredit 5 a WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji. A JAMB zai rubuta huɗu, ban da lissafi, sannan jami'a ta yi tata tantancewar.

Na biyu, takardar asalin ƙaramar hukuma. A jami'o'in tarayya kashi 45 na gurabe na cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 kuma na jihohin da aka bari baya a boko. Yaranmu a nan aka haife su, don haka a je gida a karɓo takardar tun da wuri, kuma a sa Zariya, Kano ko Sakkwato cikin lissafi.

Na uku, a san abin da aka saya. Digirin MBBS ne ke fitar da likitan asibiti: shekara 6, da shekara 1 ta sanin makamar aiki, sannan bautar ƙasa. In an ba yaro anatomi ko fiziyoloji, ilimi ne mai kyau na shekara 4, amma ba zai duba maras lafiya ba. Kada a karɓa da zaton wai za a sauya daga baya, gurbin kaɗan ne ƙwarai. Gara ya sake JAMB, ko ya bi ta IJMB, ko ya zaɓi jinya, haɗa magunguna ko gwajin jini da zuciya ɗaya. Kuma a tabbata hukumar likitoci ta MDCN ta amince da makarantar.

Don Allah kada mu tilasta yaro saboda a kira mu baban dakta. A zauna da shi, a ji ra'ayinsa, a yi istihara.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka.