Gwani Mai Tabo: A Saya ko a Bari?

 

Da aka aiko mini cewa zan yi jawabi a wannan taro, wasu abokai sun zaci zan yi magana a kan aikin gwamnati. To, sai ku gafarce ni, ƙwallon ƙafa na zo da shi. Dalili kuwa shi ne akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a gidajen kallo da majalisu, wato idan ɗan wasa gwani ne amma yana da mummunan tarihi, shin ya dace ƙungiya ta saye shi? Na daɗe ina sauraren wannan gardama, kuma na lura ba a kan ƙwallo kaɗai ta tsaya ba.

Magoya baya sun rabu gida biyu. Na farko suna cewa ai ba limami ake nema ba, mai jefa ƙwallo a raga ake nema. Babbar hujjarsu ita ce Eric Cantona, mutumin Faransa. A watan Disamba na 1991 ya jefi alƙalin wasa da ƙwallo, aka dakatar da shi wata ɗaya, ya zagi 'yan kwamitin da suka hukunta shi, suka ƙara masa wa'adi, ya yi fushi ya ce ya bar wasa. Duk da haka Leeds ta ɗauke shi a 1992 ta ci kofin Ingila, sa'an nan a watan Nuwamba na wannan shekara Manchester United ta saye shi a kan kimanin fam miliyan 1. Ƙungiyar da rabonta da kofin gasar tun 1967, sai ga ta ta ci a 1993 da 1994 da 1996 da 1997.

Gida na biyu kuwa cewa suke hali zanen dutse ne, kuma da Cantona ɗin suke kafa hujja. A ranar 25 ga Janairu, 1995, a filin Crystal Palace, bayan an ba shi jan kati, ya yi tsalle ya hauri wani ɗan kallo da ƙafa. Aka hana shi wasa har ƙarshen Satumba, kotu kuma ta sa shi aikin jama'a na sa'a 120. A wannan shekara Blackburn ta ɗauke kofi da ratar maki ɗaya tak. Haka kuma suna kawo Mario Balotelli, wanda Liverpool ta saya a kan fam miliyan 16 a 2014 alhali kowa ya san rigimarsa, ya ƙare da ƙwallo ɗaya rak a gasar Firimiya ta wannan kaka.

Jama'a, kun ga kowane gida yana da abin kamawa. Idan aka tsaya a nan, za a kwana ana musu. Ni a ganina akwai tambayoyi guda uku da suka kamata a yi kafin a yanke hukunci.

Ta farko, mene ne laifin, kuma wa aka cuta? Ba duk tabo ne ɗaya ba. Zafin rai a fili daban, cin zarafin wanda ba shi da ƙarfi daban. A 2017 wata kotun ƙararrakin jama'a a Sikotland ta yanke cewa David Goodwillie ya yi wa wata mata fyaɗe, ko da yake ba a gurfanar da shi a kotun manyan laifuka ba. Da ƙungiyar Raith Rovers ta ɗauke shi a ƙarshen Janairun 2022, magoya bayanta da kansu suka tayar. Marubuciya Val McDermid ta janye tallafin da take ba ƙungiyar, kyaftin ɗin 'yan wasa mata ta ajiye, wasu ma'aikata suka bar aiki. Cikin 'yan kwanaki ƙungiyar ta nemi gafara ta ce ba zai buga mata wasa ba. Waɗannan mutane suna son nasara kamar kowa, amma sun tuna cewa a cikin 'yan kallo akwai mata da 'ya'ya mata.

Ta biyu, shin ya karɓi hukuncinsa, kuma an ga alamar gyara? A watan Satumba na 1998 Paolo Di Canio ya ture alƙalin wasa har ya faɗi ƙasa, aka dakatar da shi wasa 11. West Ham ta saye shi a Janairun 1999, ana ta yi mata surutu. A Disambar 2000, a gidan Everton, aka bugo masa ƙwallo gola yana kwance ya ji ciwo, maimakon ya nemi ci sai ya kama ƙwallon da hannu don a duba majinyaci. Hukumar FIFA ta ba shi lambar yabo ta wasa da adalci saboda haka. Ku kwatanta da Luis Suárez, wanda 'yan'uwanmu na Ghana ba za su manta da hannunsa na 2010 ba. Ya ciji ɗan wasa a 2010 yana Ajax, ya sake a 2013 yana Liverpool, ya kuma a gasar cin kofin duniya ta 2014. Barcelona ta saye shi yana cikin dakatarwar wata huɗu, ya ci mata ƙwallo 198. Riba dai an ci, amma riba ba ita ce shaidar tuba ba.

Ta uku, akwai wanda zai riƙe shi? Cantona ya samu Alex Ferguson, wanda ya bi shi har birnin Paris ya lallashe shi lokacin da ya so barin Ingila a 1995. Ya dawo, shi ne ya ci ƙwallon da ta ba su kofin FA a 1996. Saye kaɗai ba ya gyara mutum, sai da uban gida mai haƙuri wanda kuma ba ya jin tsoron tsawatawa.

Yanzu bari in juyo gida, domin laifi tudu ne. Muna aji biyar a wannan makaranta, aka kama yara uku sun tsallake katanga da dare, aka kore su na mako uku. Ɗaya daga cikinsu shi ne mai ci mana ƙwallo. Da wasa da wata makaranta ya matso, mu ɗalibai muka yi ta roƙo har aka dawo da shi bayan mako ɗaya, sauran biyun suka cika wa'adinsu a gida. Ya ci ƙwallo biyu, muka ɗauke shi a kafaɗa, kuma ina cikin waɗanda suka ɗauka. Ko sau ɗaya ban tambayi ina sauran biyun suke ba. Abin da muka koya wa yaron nan ran nan shi ne doka ba ta hawa kan gwani, kuma abin da muka koya wa biyun shi ne afuwa ta masu amfani ce.

Yau a ofis nakan ga irin wannan. A kawo fayil biyu, kowanne da takardar tuhuma a ciki, a rufe ido a kan na mai uban gida, a binne ɗayan. Yawancinmu da ke zaune a nan mun kai matsayin da muke ɗaukar ma'aikata, ko mu sa hannu a takardar shaida, ko mu ba da 'ya aure. Saboda haka gardamar gidan kallo tamu ce.

Ba ina cewa a rufe ƙofa ga wanda ya taɓa kuskure ba. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, kuma da an hana Di Canio dama ta biyu da ba a ga abin da ya yi a Everton ba. Abin da nake roƙo shi ne duk lokacin da za mu yafe wa gwani, mu tambayi kanmu: da bai iya ƙwallo ba, za mu yafe masa? Da abokan hamayyarmu ne suka saye shi, me za mu ce? In amsar ta canja, to mu sani ba afuwa muka yi ba, ciniki muka yi.

Ga malamin wasanni da ƙannenmu da ke bayan zaure, shawarata ita ce wanda ya yi laifi ya cika hukuncinsa ko da za a rasa kofi, in ya cika kuma a karɓe shi hannu biyu, kada a ƙara yi masa gori.

Allah Ya ji ƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ɗaukaka wannan makaranta, Ya mai da kowa gidansa lafiya.