In an sallamo bakwaini, aikin ya dawo hannunmu

  

Mu 'yan ajin yaƙi da jahilci aka ba wa wannan ɗan lokaci. Ma'aji ta riga ta karanto lissafin riba da jari, saboda haka mu maganar bakwaini muka zaɓa, don bana ta shigo mana har cikin rumfa. Kun san 'yar'uwarmu da ta yi kusan wata biyu a asibiti, ɗanta yana cikin kwalba. Zaman asibiti kowa yana ganinsa, kowa yana kai ɗauki. Abin da ido ba ya gani shi ne bayan sallama, ranar da babu nas, babu kwalba, sai uwa da ɗan mutum wanda bai kai nauyin kwanon gero ba. Takardar sallamar tasa a aji muka karanta ta layi-layi, wata malamar asibiti kuma ta zo ta warware mana abin da ya shige mana duhu. Shi muka kawo muku.

Mu bakwaini muke cewa, likita kuwa da mako yake lissafi. Cikakken ciki mako 40 ne, duk wanda aka haifa kafin mako 37 ya zo da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin jarirai goma haka suke zuwa, Najeriya kuma tana cikin ƙasashen da suka fi yawan irin wannan haihuwa. To kun ga ba baki aka yi wa kowa ba, ba kuma sakacin uwa ba ne.

Babban abokin gabarsa sanyi. Bai tara kitse a ƙarƙashin fata ba, ɗumin jikinsa zurarewa yake yi ko da mu muna gumi. Ɗan nonon da ya sha sai ya ƙare wajen ɗumama jiki, ba a wajen girma ba. Mu 'yan kasuwa mun san wannan: mai cin uwar kuɗi ke nan, kullum tana fita, kaya kuma suna raguwa.

Maganin abin a ƙirjinmu yake. A shekarar 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, kwalabe suka yi wa wani asibiti kaɗan, har ana haɗa jarirai a guda. Wani likita mai suna Edgar Rey ya fara ɗaura su a ƙirjin iyayensu mata, fata da fata. Ana kiransa goyon kangaru, da sunan wata dabba ta Ostireliya da ke rainon ɗanta a cikin aljihun cikinta. Mu da muka iya goyo tun muna 'yan shekara bakwai, ai ba a koya mana ɗaurin zane. Bambancin kawai, wannan a gaba ake yi. A cire masa riga, a bar masa kunzugu da hula da safa. A tsayar da shi tsakanin nonuwa, kai a juye gefe guda yadda hanci zai samu iska, ƙafafu a buɗe kamar na kwaɗo, zanen ya tsaya daidai ƙasan kunnensa, sannan uwa ta sa riga a kai. In za ta yi barci, ta kishingiɗa a jikin matashi, kada ta kwanta shame-shame. Wannan kwalba ba ruwanta da ɗauke wuta, ba kuma a biyan kuɗin gado.

Amma fa ku ji adadin. Hukumar ta ce awa 8 zuwa 24 a rana, kullum, har sai yaron ya yi ƙwari ya fara mutsu-mutsun fita da kansa. Iyayenmu, ku lissafa mana. Mace tana ɗaure da ɗa awa takwas, wa zai ɗora tukunya? Wa zai ɗebo ruwa, wa zai shirya sauran yara makaranta, wa zai buɗe rumfa? A nan ne goyon yake lalacewa, ba don uwa ta ƙi ba. Shi ya sa muke so mazajenmu su ji da kunnensu: ƙirjin uba ma ɗumi gare shi. Kaka tana iya yi, abokiyar zama tana iya yi, muddin mutum lafiyarsa ƙalau kuma ya wanke hannu. Ku karɓe ta awa ɗaya ko biyu ta yi wanka ta ci abinci. Malam, ba abin kunya ba ne, a cikin ɗakinka za ka yi.

Sai ci. Bakwaini barci gare shi, sai ka ji ana yabonsa wai yaro mai haƙuri. Ba haƙuri ba ne, ƙarfin kukan ne babu. Duk awa biyu zuwa uku a tashe shi ya sha, dare da rana. In ya gaji da tsotso, uwa ta tatsa a kofi mai tsabta a ba shi kaɗan-kaɗan yadda nas ta nuna, ba ɗura ba. Nono zalla har wata shida, sai ɗigon maganin da likita ya rubuta. Ban da ruwa ko a zafin bazara, ban da jiƙo, ban da zuma. In yana jiƙa kunzugu kamar sau shida a yini, ma'auni kuma yana hawa a asibiti, nonon yana isarsa.

Yanzu mu zo kanmu, 'yan barka. Mun san zumunci, mun san ba a ƙin miƙa jariri. Wannan dai a yi mana haƙuri. Murar da za ta sa babba atishawa kwana biyu tana iya mayar da shi gadon asibiti, don huhunsa bai gama ƙwari ba. Mai tari ta yi gaisuwa daga tsakar gida. A leƙa, a yi addu'a, a fito, ba sai ya zaga hannu goma ba. Ku bar butar ruwa da sabulu a bakin ƙofa. Turaren wuta da hayaƙin icce da maganin sauro na kunnawa su yi nesa da ɗakin, gidan sauro ya wadatar. A cire kafur daga akwatin kayansa, yana tayar wa wasu jarirai shawara. Wankan asuba a hunturu kuma a ɗage shi, a goge shi da tsumma mai ɗumi in rana ta ɗaga. Iyayenmu surukai, da girmanku muke roƙo: wanzami ya dakata. Beli ba ciwo ba ne, cire shi kuwa jini ne, yaron da jininsa duka bai cika kofin shayi biyu ba. Kaciya ma sai likita ya ce ya isa. In uwa ta faɗa za a ce ta yi rashin kunya, ku ne za ku faɗa a ji.

Akwai alamun da ba a jira gari ya waye a kansu. In ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya saki. In ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da 36.5 ya ƙi hawa bayan an rungume shi, ko ya wuce 37.5. In numfashi ya haura 60 a minti ɗaya, ko haƙarƙari yana lotsawa, ko yana ɗauke numfashi leɓe ya sauya launi. In shawara ta sauko tafin hannu da na ƙafa, ko yana jijjiga. A ɗaure shi a ƙirji a tafi, ko ƙarfe biyun dare ne. Karanta lambar ma'aunin nan kaɗai ya biya mu zaman aji.

Wani lissafi kuma da ya kwantar mana da hankali. Yaron da ya zo da saura wata biyu, in ya cika wata shida, a wajen zama da rarrafe ɗan wata huɗu ne, haka ake rage masa har wajen shekara biyu. Don Allah a daina tambayar uwa, "Har yanzu bai zauna ba?" Riga-kafi ne ba a yi wa ragi, ana bin katinsa daga ranar haihuwa. Ranar duba ido ma kada ta wuce. Jijiyoyin bayan idon bakwaini kan yi tsiro ba daidai ba, daga waje ba a ganin komai, in an makara kuwa makanta ce.

Ita uwar fa? Wata biyu rumfa a rufe, masu sayen kayanta sun koma maƙwabta, jari ya tafi a magani, ga bashi, ga rashin barci. In ranar zubi ta zo muka aika mata, me muke so ta yi? Za ta kwance yaron ta fito kasuwa, cikin ƙura da cunkoso.

Saboda haka ajinmu yana roƙon taro ya duba wannan. Duk 'yar ƙungiya da aka sallamo mata bakwaini, a ɗage mata zubi da biyan rance na wata uku, ba tara. Maƙwabtan layinta su riƙe mata rumfa bi da bi, a rubuta ciniki a littafi, mu za mu rubuta. A kuma ware wani abu a asusu na kuɗin mota zuwa asibiti, don yawancin ranakun awo da ake tsallakewa kuɗin adaidaita ne ya hana. Mun ji masu cewa asusu zai yi rauni. Hajiya ma'aji tana nan, ta faɗa mana nawa muke kashewa a ankon biki ɗaya, sai mu gwada. Ɗagewa muka ce, ba yafewa ba, kuma wadda jarinta ya mutu gaba ɗaya ai ba ta biyan komai.

Za a kaɗa ƙuri'a a zama mai zuwa. Wadda za ta iya ba da yini ɗaya a mako, na girki ko na tsaron rumfa ko na goyo, takarda tana wurin sakatariya, ta sa suna kafin a raba abinci. Wadda ba ta iya rubutu ba tukuna ta zo mu rubuta mata.