Jawabi Kan Auna Horon Ma'aikatan Jinyar Masu Taɓin Hankali



Cikin yaran da muka koyar, akwai waɗanda yau suke jinyar masu taɓin hankali a asibitoci irin na Barnawa a Kaduna. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ba ta sabunta musu lasisi sai sun halarci kwasa-kwasan ƙarin sani, kuma mun yaba da haka. Inda muke da ja shi ne ma'aunin: a ƙirga masu sa hannu a rajista, a yi jarrabawa ranar rufewa, a raba takardar shaida. Mu da muka tsufa da alli a hannu mun san haddar jiya ba ta wuyar maimaitawa yau.

A bari wata shida ya wuce, sannan a shiga ɗakin majinyata. Ɗaure mara lafiya ya ragu? Ana kiyaye masa haƙƙin da dokar da aka sa wa hannu a 2023 ta ba shi, wadda ta maye gurbin ta 1958? A tambayi dangin da ke zaman jinya. A kuma duba mutum nawa ke aikin dare, domin wadda aka bari ita kaɗai da ɗaki cike ba ta da sukunin aiki da abin da ta koyo.