Lissafin Asarar Bala'i: Aikin Hakimi da Magatakarda

Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana yadda a ke tara labarin asarar da ambaliya, da fari, da gobara, da guguwa su ke jawowa, da dalilin da ya sa ya wajaba a rubuta shi daidai. An ɗauki ƙasar Makoda misali, domin abin da ya shafe ta ya shafi yawancin gundumomin arewacin Kano.

ASALIN MAGANA

A shekarar 1999 aka kafa Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wadda a ke kira NEMA, kuma Jihar Kano tana da irin wannan hukuma tata. Da aka yi babbar ambaliya ta 2012, NEMA ta ba da lissafi cewa mutum 363 suka rasu, fiye da mutum miliyan 2 kuma suka bar gidajensu. A 2022 ruwa ya sāke yin ɓarna, waɗanda suka rasu suka haura 600. Da irin wannan lissafi a ke yanke shawarar inda za a kai abinci da magani, da inda za a fara gyara.

A watan Maris na 2015 ƙasashe 187 suka taru a birnin Sendai na ƙasar Japan, suka ƙulla yarjejeniyar rage asarar bala'i zuwa 2030, Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa ta amince da ita. Daga cikin manufofinta 7 akwai rage masu mutuwa, da rage waɗanda bala'i ya ke shafa, da rage asarar dukiya, da rage lalacewar makarantu da asibitoci. Za a gwada shekarun 2020 zuwa 2030 da na 2005 zuwa 2015, a ga ko an ci gaba. To, ƙasar da ba ta rubuta asararta ba, da me za ta yi wannan gwaji?

RUMBUN BAYANAI DA AIKIN ƘWARARRU

Wurin da a ke tara wannan lissafi shi a ke kira rumbun bayanai. Watau babban littafi ne a cikin kwamfuta, kowane bala'i da layinsa: irinsa, da ranarsa, da wurinsa, da ɓarnar da ya yi. Akwai wani na duniya duka mai suna EM-DAT, wanda aka fara a Jami'ar Louvain ta ƙasar Beljiyam a 1988. Amma ba ya karɓar labari sai mutum 10 sun mutu, ko abin ya shafi mutum 100, ko hukuma ta kafa dokar ta-ɓaci, ko ta nemi taimakon ƙasashen waje. Ƙananan asarori na ƙauye sukan wuce ba su shiga ba. Saboda haka a 1994 waɗansu masana na ƙasashen Latin Amurka suka shirya wata hanya mai suna DesInventar, wadda ta ke rubuta asara kome ƙanƙantarta, gunduma gunduma. Ƙasashe da yawa sun ɗauke ta.

Idan hukuma ta so gyara rumbunta, takan ɗauko ƙwararren masanin kwamfuta da jinga. Aikinsa na fari shi ne ya ba kowane wuri lamba tasa, domin Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, Kano kaɗai tana da 44, kuma ƙauyuka masu suna ɗaya ba su ƙidayuwa. Na biyu, ya daidaita ma'anar kalmomi, yadda abin da Kano ta kira rushewa zai zama ɗaya da abin da Sakkwato ta kira rushewa. Na uku, ya tsare maimaici, kada asara ɗaya ta shiga sau biyu, ta hannun ƙaramar hukuma da ta hannun jiha. Na huɗu, ya ajiye kwafi a wani wuri dabam, ya kuma koya wa ma'aikata aikin kafin jingarsa ta ƙare.

Amma fa duk ƙwarewarsa, ba ya ganin gonar kowa. Abin da aka aiko masa shi zai shigar. In an zuba ƙaiƙayi a rumbu, ƙaiƙayi za a ɗebo.

HALIN ƘASAR MAKODA

Ƙaramar Hukumar Makoda, wadda hedkwatarta ta ke Koguna, tana da faɗin murabba'in kilomita 441, kuma a ƙidayar 2006 an sami mutum 222,399 a cikinta. Watau kamar mutum 500 ke nan a kowane murabba'in kilomita. Gonaki ƙanana ne, a manne da juna, ana noma gero da dawa da wake da gyaɗa. A irin wannan ƙasa asara ba ta cika zuwa gaba ɗaya ba, kamar yadda madatsar Bagauda ta fashe a watan Agusta na 1988 kowa ya ji. Takan zo kaɗan kaɗan: ruwan Agusta ya kā da ɗakuna biyar a wannan unguwa, wuta ta cinye rumbu biyu da hunturu a wancan ƙauye, jan-baki ya sauka a kan gero. Ba a jin wannan a rediyo, amma magidancin da rumbunsa ya ƙone ya rasa abincin shekara. In aka tara irin wannan na shekara goma, sai a ga inda ciwon ya ke. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.

ABIN DA MAGATAKARDA ZAI RUBUTA

Lalle ne mai unguwa ya kai labari ga dagaci, dagaci ya kai ga hakimi, magatakarda ya rubuta, a aika wa ƙaramar hukuma, a bar kwafi a ofishin hakimi. Ga abin da ya kamata takardar ta ƙunsa:

1. Irin bala'in da sanadinsa. Ruwan sama da ya jiƙa gini dabam, rafin da ya yi ambaliya dabam.
2. Rana da wata da shekara, da sunan unguwa da ƙauye da mazaɓa.
3. Waɗanda suka rasu, da waɗanda suka ji rauni, da waɗanda suka bar gida, maza da mata da yara, kowa dabam. A ƙidaya mutane ɗai ɗai, a kuma faɗi yawan magidanta.
4. Gine-gine. Kada a ce gida ya rushe alhali ɗaki ɗaya ne ya faɗi. A rubuta ɗaki nawa, katanga nawa, rumbu nawa.
5. Gonaki da amfani. A faɗi faɗin gona da irin shukar. In an auna da dami ko buhu ko kwano, a ambaci ma'aunin.
6. Dabbobi, da kayan jama'a kamar makaranta, da asibiti, da rijiya, da kwalbati.

ABIN DA ZA A GUJE WA

Abu na fari shi ne ƙari. Wani yakan ninka lissafi don agaji ya yi yawa. Ran da masu bincike suka zo suka ga saɓani, sai a daina gaskata takardun gundumar, har ranar da ta faɗi gaskiya. Ƙarya fure ta ke, ba ta 'ya'ya. Na biyu shi ne jinkiri. In an bar labari har kaka, an riga an tā da gini, an manta adadi. Na uku shi ne ɓoyewa. Tun zamanin En'e hakimai da malamansu su ke ƙidayar mutane da shanu saboda haraji da jangali, har Gwamna Abubakar Rimi ya soke su bayan ya hau mulkin Kano a 1979. Saboda haka wani talaka in ya ga alƙalami sai ya tsargu. Wajibi ne hakimi ya fahimtar da jama'arsa cewa wannan ƙidaya ba ta karɓa ba ce. Haka kuma kada ya yi musu alkawarin agaji a kan kowace takarda, domin ba kowace asara ce agaji ya ke biyo bayanta nan take ba.

AMFANIN AIKIN

Yunwar Kakalaba ta 1914 ta halaka jama'a masu yawa a ƙasar Kano, amma adadinsu ƙiyasi kurum aka yi. Yanzu akwai hanyar da za a rubuta, a adana. Hakimin da ya riƙe lissafin shekaru a hannunsa, in ya nemi magudana ko kwalbati ko irin shuka mai saurin nuna, da hujja ya ke magana. Zai iya nuna wa mai neman fili cewa wannan kwari ya ci gidaje sau uku, kada a sāke gini a cikinsa. Rigakafi ya fi magani.

Rumbun ƙasa ba zai fi takardar magatakarda inganci ba. Saboda haka ana roƙon kowane hakimi ya duba takardar da idonsa kafin ya sa hannu, domin amanar talakawa ce.

Allah ya kiyashe mu daga bala'i, ya ba da damina mai albarka, amin. Haza wassalam.