Nas ɗin Yara a Lokacin Annoba: Jawabin Ma'aikatan Lafiya ga Iyaye a Tempane

Iyayenmu mata, iyayenmu maza, 'yan'uwa da kuka baro gidajenku a Burkina Faso, sannunku da zuwa, sannu da haƙuri.

Maganarmu ta yau a kan nas ɗin yara ce, da abin da ya sa ba ma son a ɓoye yaro a ɗaki idan annoba ta shigo.

Yaro ba ƙaramin babba ba ne. Babba yana cewa ga inda ke yi mini ciwo, jariri kuwa sai kuka, wani lokaci ma kukan ya gagara. Shi ya sa ake da nas waɗanda, bayan karatun jinya, suka ƙara karatu na musamman a kan yara. Idan kun ga nas ta ɗaga rigar yaro ta zuba wa ƙirjinsa ido tana duban agogo, ba ɓata lokaci take yi ba, numfashi take ƙirgawa. Ɗan wata 2 zuwa 11 da ya kai numfashi 50 a minti ɗaya, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 da ya kai 40, huhunsa na iya samun matsala. Za ta taɓa maɗigar jariri ta ji ko ta kumbura, domin alamar sanƙarau ce. Za ta ɗora shi a sikeli kafin a ba shi magani, saboda maganin yaro da nauyinsa ake auna shi, ba da ido ba. Samun jijiya a hannun jaririn da gudawa ta tsotse, a sa masa ƙarin ruwa, aiki ne da ba kowane hannu ya iya ba.

Asibitin yara zalla yana can Akra, wato Princess Marie Louise, wanda aka buɗe a 1926. Mu a nan arewa ɗakin kwanciya na yara muke da shi a cikin manyan asibitoci, kamar na Presbyterian a Bawku, da na Bolgatanga, da asibitin koyarwa na Tamale. Aikin dai ɗaya ne.

Korona ta shigo Gana ranar 12 ga Maris 2020. Ita kanta cutar ta fi tsanani ga tsofaffi. Abin da ya fi taɓa yara shi ne tsoro: iyaye sun guji asibiti kada a killace su, yara suka tsallake awo da rigakafi, zazzaɓin sauro kuwa bai tafi hutu ba. Sannan a farkon 2023, da allurar ƙyanda ta yi ƙaranci a ƙasar, cutar ta ɓulla a yankin Tamale. A wuri mai cunkoso irin namu, yaro ɗaya mai ƙyanda ya isa ya shafa wa layi guda.

Mun san abin da ke ranku game da killacewa. Wanda ya riga ya rabu da gida da dangi ba ya son a sake raba shi da ɗansa. To ku sani, keɓe yaro kariya ce gare shi da sauran yara, kuma nas ta fi kowa son mai shayarwa ta zauna kusa da jaririnta, ta wanke hannu, ta sa takunkumi, ta ci gaba da ba da nono.

Ku kawo yaro nan take idan ya ƙi nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko yana jijjiga, ko jikinsa ya saki ba ya farkawa da kyau, ko ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, ko wuyansa ya sanƙare. Kada a jira maigida ya dawo daga gona. Iyayenmu maza, ku ba da wannan izini tun yau. Kada kuma a jira dare, kun san hanyar Bawku ba kullum take biyuwa ba.

A nan Gana ana yin allurar ƙyanda sau biyu, a wata 9 da wata 18. Wadda ta zo da katin rigakafi daga Burkina ta kawo shi ko da ya yage, za mu karanta. Wadda nata ya salwanta a hanya ta zo da yaron haka nan, a duba shi a buɗe masa sabo. Lambar motar asibiti ta gaggawa ita ce 112.

Yanzu masu tambaya, bisimilla. Inna, ke da kika ɗaga hannu tun ɗazu, mu fara da ke.